Wayar da ba ta mutuwa: a kan wani anime mai daɗin lalacewa

Cikin watan Afrilu da ya wuce, lokacin da zafin Yamai ke hana mutum kwana a ɗaki, mu biyar muka shimfiɗa tabarma bakin ƙofa muka kewaye ordi guda. An ɗauke kuran tun la'asar. Abokin ɗakina ne ya zo da fim ɗin, kuma tun ba mu fara ba ya gargaɗe mu: "Wallahi wanga abu bai da kyau ko kaɗan, amma ku tsaya ku gani." Batirin ordi ya kai mu kashi na uku ya mutu. Da safe ni da kaina na kai wayata wurin mai sharji, na sa aka tura mini sauran kashi tara. Cikin kwana uku na gama duka goma sha biyun, alhali ina da dabuwar da ban taɓa ba, kuma babu kashi ko guda da zan iya rantsewa ya yi kyau. Tun ranar nake tambayar kaina abin da ya riƙe ni.

Sunan abin da Japananci Isekai wa Smartphone to Tomo ni, wato kamar a ce "a wata duniya tare da wayata". Masu kallonsa na gajarta shi su ce Isesuma. Wani mai suna Patora Fuyuhara ya fara rubuta labarin a 2013 a wani dandali na Japan da ake kira Shosetsuka ni Naro, inda kowa ke iya zuba labarinsa kyauta babi bayan babi. An fara buga shi littafi a 2015, kamfanin Production Reed ya maida shi anime mai kashi 12 a 2017, sannan J.C.Staff ya yi zango na biyu a 2023. Zangon farko nake magana a kai. Kalmar isekai kuwa guntu biyu ce: i, abin da yake daban, da sekai, duniya. Ta zama sunan wani rukunin labarai sukutum, inda ɗan Japan na yau ke faɗawa wata duniya mai takubba, sarakuna da tsafi.

Labarin a taƙaice: Touya Mochizuki yaro ne ɗan shekara 15. Tsawa ta faɗo mishi ya mutu. Sai ya tsinci kansa zaune gaban wani tsoho mai farin gemu cikin gajimare, tsohon na ba shi haƙuri, wai kuskure aka yi, ba shi aka nufa ba. Tunda ba a iya maida shi gida, za a kai shi wata duniya, ya faɗi abin da yake so. Yaron bai yi kuka ba, bai damu da halin da ya bar iyayensa ba. Ya ce a bar mishi wayarsa. Aka bar mishi, aka ƙara mishi ƙarfin jiki da na tsafi, aka ce da tsafin nasa zai riƙa yi mata sharji, intanet na nan, taswirar sabuwar duniya ma an sa mishi ciki. Lambar tsohon kanta tana cikin wayar.

A nan ne muka yi gardamarmu ta farko, kuma ya kamata in faɗe ta saboda wanda zai kalla bayanmu. Rubutun Faransanci da ke ƙasan hoto ya kira tsohon nan Dieu. Ɗaya daga cikinmu ya miƙe ya ce a kashe, shi ba ya kallon saɓo. Ban ga laifinsa ba, don in da abin da kalmar ke nufi a kunnenmu shi ake nufi, da ni ma na tashi. Sai dai abin da bakin ƴan wasan ke faɗi shi ne kami, kuma kami a al'adar Shinto ta Japan suna da yawa ƙwarai: na dutse, na kogi, na shinkafa, na kakanni. Cikin fim ɗin ma daga baya wata kami ta soyayya ta fito tana tsegumi. Mai fassara ya ɗauko kalmar da ta fi kusa da hannunsa ya ɗora a inda ba ta zauna ba. Tsohon da ke shan shayi kan tabarma yana sunkuyar da kai ya fi kama da ma'aikacin ofis da ya ɓatar maka da dosiye. Da na faɗi haka sai abokin ɗakina ya ce: "To ai nan ne ƙaryar ta fi yawa. Yaushe anka taɓa ɓatar da dosiyenka anka ba ka haƙuri?" Mai shirin tashi ya yi dariya ya koma ya zauna. Wanda duk zuciyarsa ba ta kwanta da wurin ba, yana da hujjar barinsa, ni dai na faɗi abin da kalmar ke ɗauke da shi.

Daga saukar Touya sabuwar duniya, komai sai ya zama garaɓasa. Bai yi nisa da tafiya ba wani attajiri mai sayar da tufafi, Zanac, ya tsayar da keken dokinsa ya saye kayan lakkwal da ke jikinsa da zinariya, matsalar kuɗi ta ƙare. A garin Reflet ya haɗu da tagwaye mata, Elze da Linze, matsalar kaɗaici ta ƙare. Aka gwada shi da duwatsun tsafi don a ga wane iri ya dace da shi cikin bakwai: wuta, ruwa, iska, ƙasa, haske, duhu, da na bakwai da suke kira marar iri. Linze da ake ganin gwana ce uku gare ta. Shi duka bakwai. Ya ceci ɗiyar wani basarake a hanya, ya warkar da makantar uwarta da kalma guda. Ya warkar da sarkin Belfast daga guba da wannan kalmar dai, ya gano cewa a jikin kofi aka shafa gubar, nan take ɗiyar sarki ta ce shi za ta aura. Aka ba shi katafaren gida a babban birni. Tsakanin waɗannan ya koya wa mutanen ƙasar yin ayis kirim daga girkin da ya duba a waya, ya kawo musu darar Japan da ake kira shogi, ya ƙera keke.

Mu da muka tashi da tatsuniya mun san ba haka ake ba da labari ba. Ƴar bora ba ta samun dukiya sai ta sha tafiya, ta gaida abin da ke ba ta tsoro, ta yi wa tsohuwa aikin da ƴar mowa ta raina. Gizo yana wayo ne don ba shi da ƙarfin kura. Vladimir Propp, wanda ya nazarci tatsuniyoyin Rasha ya fitar da littafinsa a 1928, ya nuna cewa kafin jarumi ya karɓi abin tsafi daga hannun mai bayarwa, sai an jarraba shi tukuna. Kakanninmu ba su karanta Propp ba, sun dai ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Touya ya ci zomo a zaune, an kuma kawo mishi ruwan wanke hannu. Mai bayarwar nasa ko jarrabawa bai yi mishi ba, haƙuri ya ba shi.

A wurin mai koyon ilimin harshe kamata, abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tsafin nan na bakwai. Ƙa'idar duniyar ita ce kowane mutum in ya yi sa'a yana da nasa guda, wanda ba a koya wa wani. Elze tana da mai ƙara ƙarfi, shi ke nan nata. Touya kuwa, in dai ya ji sunan tsafin ya san aikinsa, ya mallake shi. Ya ce Gate, ƙofa ta buɗe zuwa duk inda ya taɓa zuwa. Ya ce Slip, ƙasa ta yi santsi abokin gaba ya faɗi. Sarkin Mismede, ƙaton jarumi mai son gwada ƙarfi, da wannan kalmar ya sha ƙasa kafin a ƙifta ido. Da aka sake karawa sarkin ya fito da nasa sirrin na saurin gudu, Touya ya ji sunan ya kwafe a wurin.

A aji mun karanta John Austin, wanda littafinsa ya fito a 1962, aka fassara shi da Faransanci da sunan Quand dire, c'est faire. Austin ya ce akwai maganar da faɗinta shi ne aikata ta, kamar alƙali ya yanke hukunci ko waliyyi ya ce ya bayar a wurin ɗaurin aure. Amma ya ƙara da cewa irin wannan magana tana da sharuɗɗa. Sai mutumin da ya dace ya faɗe ta, a wurin da ya dace, gaban waɗanda suka dace. In ni na tsaya bakin kasuwa na ce na aurar da ɗiyar maƙwabcinmu, ba a ɗaura komai ba, sai dai a ce yaron nan karatu ya taɓa shi. Duniyar Touya duniya ce da aka cire wa magana sharaɗi, amma shi kaɗai aka cire wa. Faɗi da samu sun zama abu guda a bakinsa. Ina ganin wannan shi ne ainihin mafarkin da fim ɗin ke sayarwa, wayar kuwa alamarsa ce kawai: ka rubuta sunan abu, abin ya fito. Har akwai inda yake haɗa taswirar wayar da tsafin bincike, ya danna duk maƙiyan da suka bayyana a fuskarta, ya kayar da su gaba ɗaya kamar mai tura saƙo ga gurup.

Ku lura kuma da harshen da tsafin ke magana da shi. Sunayen nan na Turancin Ingila ne, an lanƙwasa su da bakin Japan, wanda kamar namu ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma babu wasali a tsakani. Slip ya koma surippu, Gate ya koma geto, yadda mu ma muka maida bread burodi, muka maida l'école lakkwal. A kunnen ɗan Japan kalmar aro tana da wani ƙyalli da tasa ta gida ba ta da shi, shi ya sa marubucin ya ba ta aikin tsafi. Mu da muke ganin yadda magana ke ƙara nauyi a ofis da zarar an juya ta Faransanci, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Wurin da ya fi ƙona mini rai, kuma ya fi ba ni dariya, shi ne na karatu. Touya yana jin maganar mutanen sabuwar duniya tun ranar farko, babu wanda ya damu ya gaya mana dalili, amma ba ya iya karanta rubutunsu, har ya roƙi Linze ta koya mishi. Na gyara zama na ce yauwa, ga wahala guda ta samu. Ina! Ba a jima ba ya samu tsafin karatu. Da Charlotte, masaniyar fadar sarki, ta kawo mishi tsohon rubutun da take fama da shi, sai ya ƙera mata tabarau ya zuba tsafin a ciki, duk wanda ya sa ya karanta. Ni da na share shekara uku ina bin ƙwayar sauti da ƙwayar ma'ana, na ga an rushe sashenmu gaba ɗaya da gilashi biyu. Abokaina har yau in na fito da kaye sai su ce in je in sayi tabarau in huta.

To mi ya sa abin ke da daɗi? Lalacewar fim iri biyu ce. Akwai wanda ya ɗauko babban abu ya kasa, ka ji nauyinsa kana kallo, ka yi hamma. Akwai kuma wanda bai san yana da abin kunya ba, kamar yaron da ya sa takalmin babansa ya fito tsakar gida yana taƙama. Isesuma na biyun ne. Zanensa sama-sama ne, faɗan ba ya daɗewa don babu mai iya tsaya wa jarumin, fuskar Touya cikin farar rigarsa mai gashi a wuya kusan guda ce ko ana yabonsa ko dodo ya taso. Barkwancin da marubucin ya shirya da gangan, irin na kunyar ƴan mata da ja da fuska, yawanci ba ya tashi. Dariyar tana zuwa ne daga inda bai nufa ba. Bayan kashi biyu ka gane dokar gidan, sai kallo ya zama caca: matsala ta ɓullo, mu dakatar da fim, kowa ya faɗi minti nawa za ta yi kafin ta mutu. Mai cewa biyar kullum shi ke faɗuwa don ya yi yawa.

In an gwada shi da ƴan uwansa sai abin ya ƙara fitowa. Konosuba, wanda ya fito a 2016, shi ma yaro ne ya mutu aka kai shi wata duniya, amma a bargar dawaki yake kwana, yana aikin lebura, bashi ya yi mishi katutu. Marubucinsa ya san inda dariya take ya kai ka can da hannunsa. A Re:Zero, shi ma na 2016, Subaru ya isa da tsohuwar waya da ledar sayayya, ba rezo, ba ƙarfi, sai mutuwa yake yana dawowa. Waɗannan biyun sun fi Isesuma ta kowace fuska, kuma su zan ba wanda ya ce in zaɓa mishi. Sai dai sun lulluɓe mafarkin da wayo, mai kallo na iya cewa don fasaha yake kallo. Isesuma ya bar shi tsirara: a ba ni komai, kada in biya, kowa ya so ni. Da ka yi dariya sau uku sai ka tuna ai kai ma ka taɓa kwanciya kana wannan lissafin.

Nan ne abin ya taɓa ni. Mu biyar ɗin nan babu wanda ya san inda zai faɗa bayan difloma. Muna ganin yayyenmu da suka gama suna zaune fada suna dafa shayi, suna jiran konkur. Wayar da muke kallon Touya da ita forfe ɗinta na ƙarewa tsakiyar saƙo, batirinta na mutuwa kafin kuran ya dawo. An rubuta labarin ne don ɗan Japan da aiki ko lakkwal suka gajiyar, amma ya iso har tabarmarmu ya same mu da irin wannan ƙishirwa ta wata hanyar. Ban ga aibu ba mutum ya huta awa guda cikin duniyar da ƙofofi ke buɗewa da kalma. Abin da na lura da shi a kaina shi ne, ranar da na kalli kashi huɗu a jere ni kaɗai, ba abokan da za mu yi wa jarumin ba'a, dariyar ta ragu, na fara jin daɗin nasarorinsa da gaske, kuma da na kashe wayar ɗakin ya yi mini ƙunci fiye da da. A cikin taro muna kallonsa daga sama. Ni kaɗai kuwa ya fara shiga jikina.

Akwai kuma inda dariyar ke tsayawa ko cikin taro. Wata ƴar ajinmu da ta kalla ta ce mini: "Kai ba ka gani ba? Kowace da sana'arta kafin ta gamu da shi." Gaskiya ta faɗa. Elze mayaƙiya ce mai naushi, Linze matsafiya, Yae ta baro ƙasarsu Eashen don ta ƙware a takobi. Bayan sun haɗu da Touya, yawancin hirarsu ta koma shi. Kafin zangon ya ƙare huɗu sun zauna sun shirya za su aure shi tare, an kuma yi mishi albishir cewa tara zai tara. A Japan doka ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba, don haka a can mafarki ne tsantsa. Mu kuwa da yawanmu a gidan mata biyu ko uku muka girma, mun san rabon kwana, kuɗin cefane, da shirun da ke sauka tsakar gida ranar da aka kawo amarya. Kishiyoyin da ba su da wata damuwa sai wa zai zauna kusa da maigida, wannan ya fi dodon fim ɗin nisa da gaskiya. Sannan Yumina, ɗiyar sarkin da ke jagorantar shirin, shekararta 12. Fim ɗin ya sa Touya ya ɗan yi gardama, sai ya wuce kamar ba komai. Akwai kashin da aka ɓata kan wasu halittu masu narkar da tufafin mata, don kawai kyamara ta samu abin kallo. Waɗannan ba su shiga cikin lalacewa mai daɗi ba. Ƙazanta ce, kuma da mun kai wurin mukan tura gaba. Ba fim ne da za a bar wa ƙanne a waya ba don an ga zane ne.

Ga mu masu gwada rubutu a ƙungiyar nan, ina ganin wannan fim ya fi wasu masu kyau amfani, don yana nuna abin da ke faruwa in an zare ƙashi daga labari. Na koma na duba wani gajeren labari da na rubuta bara, na tarar jarumina ya samu aiki a shafi na biyu saboda wani Alhaji da ya gamu da shi cikin mota ya ga hankalinsa. Zanac ne sak, na sa mishi babbar riga kawai. Da yawa cikin labaran da muke karanta wa juna haka suke: gado daga kawun da ba a sani ba, yarinyar da ke son jarumi ba tare da ya yi komai ba. Muna yi wa Fuyuhara dariya, alhali shi ma a dandalin masu koyo ya fara, kamar yadda muka fara a wannan fotokofi. Tambayar da yanzu nake yi wa duk abin da na rubuta ita ce: mi wannan mutum ya biya kafin ya samu?

Wanda ke son gani, ya nemi zangon farko, ya tara mutum huɗu ko biyar, a ɗora shayi, a naɗa mai riƙe agogo don cacar mintoci. Kada a wuce kashi uku a zama guda. Zango na biyu yana cikin wayata tun watan Mayu ban buɗe ba. Abokin ɗakina ya ce sai an gama jarrabawa, ni kuma na ce sai ranar da kuran ya kwana bai ɗauke ba, don in ga ko abin zai yi daɗi in ba a cikin duhu ba.